Kwanon Kunun Naomi

A shekarar da aka mai da tuƙin mota hannun dama, ana tsakiyar bazara, Naomi ta kawo mijinta Sati asibitin Kontagora daga ƙauyensu na bayan Rijau. A bayan motar dawa suka zo, shi zaune a kan buhu, ƙafarsa ta hagu na reto, don in ya miƙe ta ciwon ƙaruwa yake yi.

Ciwon ba sabo ba ne. Da fari sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa in ya kama hanyar gona, sai ya tsaya kamar mai duba shukar wani, in ta sake shi ya wuce. Daga baya ta daina jiran tafiya, ko a zaune yake tana cinsa. Sai kuma ya yi tuntuɓe da kututture wajen sharar gona, babban yatsa ya fashe, ya ƙi warkewa, ya yi baƙi. Amma abin da ya fi tsaya wa Naomi a rai shi ne sanyin ƙafar. Ana zafin da kare ke neman gindin randa, ita kuwa in ta taɓa tafin ƙafar mijinta sai ta ji kamar dutsen cikin rafi.

Aka ba shi gado a ɗakin maza, kusa da taga. Maƙwabcinsa wani direba ne mai suna Tanimu, wanda aka rataye wa ƙafa da igiya, aka ɗaura mata nauyi don ƙashin cinya ya haɗe.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Tanimu. "Kai ma ƙafa ce? To, mun zama biyu. Ni dai na koma hannun dama yadda gwamnati ta ce. Wanda ya taho daga Yawuri ne bai saurari rediyo ba."

Sati ya yi murmushi. Hausarsa tana da nauyi, da matarsa kuwa Dukanci suke yi, don haka yakan bar mutum ya gama maganarsa tukuna.

Likita ɗaya ne a asibitin duka, wani Ba'indiye mai ƙaramin jiki, kullum cikin sauri. Ba ya jin Hausa, sai Malam Nuru, nas ɗin ɗakin maza, ke yi masa tafinta. Ya lalubi bugun jini a idon sawun Sati bai samu ba, ya nema a bayan gwiwa, nan ma da ƙyar. Ya sa aka ɗauki hoton ƙafar. Da hoton ya fito ya ɗaga shi wajen hasken taga.

"Baba, ka ga farin zaren nan da ke bin gefen ƙashi?" in ji Malam Nuru. "Ba ƙashi ba ne, hanyar jini ce. A ƙafar mai lafiya ba ta fitowa a hoto, don laushi gare ta. Taka ta ƙandare kamar busasshen kara, cikinta kuma ya tsuke. Jinin da ke isa ƙasa bai kai ya ciyar da ƙafar ba."

"A yashe ta mana," in ji Sati. "Kamar rijiya."

Malam Nuru ya faɗa wa likita. Likita ya girgiza kai, ya yi doguwar magana.

"Ya ce in ta yi wannan tauri har zuwa idon sawu, ko a Zariya ba ta ɗinkuwa. Amma akwai wata allura da zai yi maka a gefen ƙashin baya. Ba za ta buɗe babbar hanyar ba, sai dai takan saki ƙananan hanyoyin da ke cikin fata. In ta karɓe ka, ƙafar za ta yi ɗumi da kanta, ciwon ya ragu, yatsan kaɗai za a cire. In ba ta yi ɗumi ba, yankewa za a yi."

Likita ya sa gefen hannunsa a ƙwaurin Sati, ƙasa da gwiwa.

"A nan," in ji Malam Nuru. "In an bar maka gwiwa, za ka sa ƙafar katako ka yi tafiyarka, har ka duƙa ka yi aiki. Amma in aka yi jinkiri baƙin ya hau, to sai a cinya. Shi ya sa kowace safiya likita zai zo ya taɓa ƙafar ya ji. Da ɗumin zai san ko a jira ko kada a jira." Ya juya wajen Naomi. "Iya, ba taba, ba lofe. Kada a kai ƙafar kusa da wuta, kada a gasa ta da ruwan zafi. Kin ji?"

"Na ji," in ji Naomi.

Ta ji ɗin, amma maganar ba ta zauna mata ba. Naomi ungozoma ce. Rabin matan ƙauyensu ita ta karɓi haihuwarsu, na coci da na masallaci da waɗanda ba sa zuwa ko ɗaya. Duk aikinta da ruwan zafi ne. Da shi take wanke mai jego, da shi take gasa cibi, da shi take tayar da jikin da ya mutu. A saninta, abin da ya yi sanyi ɗumama shi ake yi, ba a zuba masa ido.

Aka yi wa Sati allurar da la'asar. Washegari da sassafe Naomi ta hura wuta a bayan ɗakin maza, ƙarƙashin darbejiyar da masu jinya ke girki, ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwanon ƙarfe mai murfi ta kawo. Sati ya kai baki ya ce ya yi zafi. Ta ɗaga mayafin da ke kan ƙafarsa ta taɓa. Sanyin nan yana nan yadda yake. Ba ta tsaya tunani ba, ta jingina kwanon a tafin ƙafar ta mai da mayafi. Kunu zai huce, ƙafa ta ɗan ji daɗi. Ai ba wuta ba ce, ba kuma ruwan zafi ba.

Da kunun ya huce ta ciro, ya shanye. Tana cikin goge kwanon likita ya shigo. Ya yaye mayafi, ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙafar, ya tsaya. Ya taɓa ta dama, ya dawo kan ta hagu. Fuskarsa ta saki, ya dafa kafaɗar Sati ya faɗi wata magana, ya wuce gado na gaba.

"Ya ce da alama allura ta fara aiki," in ji Malam Nuru. "Mun gode Allah, Baba."

Bayan sun fita, Sati ne ya fara magana, da Dukanci, ƙasa-ƙasa.

"Uwar Luka, kwanon ne."

"Wa ya sani?"

"Ni na sani. Ke ma kin sani."

Ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe. "Jaririn da ya fito a sanyaye, rungume shi nake yi a ƙirji. In ya daɗe a nan, daga baya da kansa yake riƙe ɗumin. Wataƙila ƙafar nan tana so a tuna mata ne. Allura ta yi nata daga ciki, ni in yi nawa daga waje."

Sati ya kalli taga. Ɗansu Luka soja ne, tun da aka gama yaƙin basasa yana can gabas, sai saƙon gaisuwa. 'Yan matan duk sun yi aure. Gonar dawar nan ba mai huɗe ta sai shi. Ya so ya ce a'a, amma ya tuna da gefen hannun likita a kan ƙwaurinsa. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba.

Haka aka ci gaba. Kowace safiya kwano na shiga ƙarƙashin mayafi kafin likita ya zo. In Malam Nuru ya tambayi ciwo, Sati ya ce da sauƙi, alhali in rana ta yi, sauko da ƙafar yake yi daga gado yana cije leɓe. Naomi ta lura ɗumin ba ya daɗewa, sai ta koma kawo kunun daga kan wuta kai tsaye, tana riƙe da kwanon da bakin zane.

Tanimu, wanda ba shi da aikin yi sai kallon rufi, ya daɗe da gani.

"Iya," ya ce da ita wata safiya, "kunun nan naki baki biyu yake ciyarwa. Ƙafa ta fara sha, sannan mai ƙafa. Ni tawa a rataye take tun fitowar wata, ba wanda ya taɓa ba ta ko ludayi guda."

Naomi ta harare shi. Washegari sai ga ta da wani ƙaramin kwano ta ajiye masa a gefen gado.

"To, an toshe mini baki," in ji Tanimu. Ya kurɓa. "Da tsamiya kuma. Allah ya saka da alheri, Iya. Ni ban ga komai ba, dama idona ba shi da kyau, shi ya sa na yi karo."

Har Sati sai da ya yi dariya.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Masu zuwa dubiya daga Beri suka ce can an yi yayyafi. Sati ya riƙa tambayar ko an ji labarin wajen Rijau. A cikin kwanakin nan ne Malam Nuru ya kwance bandejin yatsa ya daɗe yana dubawa. Baƙin ya kama yatsa na biyu, akwai kuma wani ɗan wari da babu shi da. Ya nuna wa likita. Likita ya duba, ya taɓa ƙafar ya ji ta da ɗumi, ya tsaya yana shafa haɓa.

"Baba," in ji Malam Nuru, "likita ya ce abin ya ɗaure masa kai. Da don yatsun nan ne, da yau ya ce a yanke. Amma tun da ƙafar na da ɗumi, ba ya so ya raba ka da ita alhali tana ƙoƙari. Ya ce a ƙara mata kwanaki."

Naomi ta ce, "Madalla." Ta kwashi kayan wanki ta nufi famfo.

Da ta fita, Tanimu ya juyo da kansa. Wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Baba, in yi maka wata magana? In ta ɓata maka rai ka yafe mini, ni ɗanka ne."

"Ina ji."

"A tasharmu akwai mutum biyu masu ƙafa ɗaiɗai. Ɗaya Mailafiya, ɗan kamasho. Nan aka yanke masa, ƙasa da gwiwa. Ƙafar katako gare shi, in ya sa wando ba ka sani ba sai ka ji ƙwas-ƙwas. Har keke yake hawa, yana da gona a hanyar Kaboji. Ɗayan kuwa a cinya aka yanke masa. Sanda biyu yake dogarawa. Baba, mai sanda biyu ba shi da hannun riƙe fartanya." Ya dubi ƙofa. "Na sha kunun Iya, ba zan faɗa wa kowa ba. Amma mutumin nan da hannu yake auna ranarka, kuma abin da hannunsa ke ji ba naka ba ne."

Can da rana, da ɗakin ya yi tsit, Sati ya tashi zaune ya yi yadda ya ga likita na yi. Ya ɗora bayan hannunsa a gwiwa, ya ji ɗumi. Ya riƙa sauka a hankali. Ranar da suka zo, sanyin daga idon sawu yake farawa. Yanzu bai kai can ba ya same shi, a tsakiyar ƙwauri.

Da safe Naomi ta shigo da kwano, tururi na fita ta gefen murfi.

"Ba ni shi a hannu," in ji Sati.

"Da zafi."

"Ajiye a ƙasa ya huce."

Ta tsaya da kwanon. "Baban Luka, yau kaɗai. Ai ka ji ya ce tana ƙoƙari."

"Ke ce ke ƙoƙari. Ita ta gama nata."

"In ya taɓa ya ji sanyi, yankewa zai yi."

"Na sani."

"To me za ka koma gida da shi? Da ƙafa biyu na kawo ka. Me zan ce wa Luka? Me zan ce wa mutane? Naomi da ke tayar da matan wasu, nata mijin ta kai shi birni an datse."

"Ki ce musu kin dawo da shi da gwiwa. In mun ƙara kwana biyu a haka, ita ma ba za ki dawo da ita ba. Zo ki taɓa nan."

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta yaye mayafin. Ba ta kai ga taɓa inda ya nuna mata ba. Idonta ya faɗa kan tafin ƙafar. Wajen diddige fata ta tashi, ta yi bororo mai ruwa, a lanƙwashe daidai da cikin kwanon. Jiya ba ta gan shi ba, don sauri take yi.

"Wannan fa? Tun yaushe?"

"Mene ne?"

"Ba ka ji ba?"

"Ban ji komai ba."

Ta zauna a bakin gado. Tun tana budurwa take wankan jego, da ruwan da ke tafasa a tukunya, ba ta taɓa ƙona 'yar kowa ba, domin hannunta ya san iyaka, mai jego kuma in ya yi yawa takan yi ƙara. Wannan ƙafar ko ƙara ba ta yi ba. Ta riƙe ta da hannu biyu, hawaye na zuba. Sati ya bar ta. Sai da suka ji takun likita a baranda ya ce, "Saki, kada hannunki ya ɗumama ta." Ta saki.

Likita ya ɗora bayan hannunsa, ya janye, ya sake ɗorawa. Ya juya ƙafar ya ga bororon. Ya dubi Malam Nuru, Malam Nuru ya dubi kwanon da ke ƙasa yana tururi.

"Malam," in ji Sati, "gaya masa ƙafar nan ba ta taɓa yin ɗumi ba. Kwano muke sa mata kafin ya zo. Ciwon ma bai ragu ba, ni na ce ya ragu."

"Ni ce na sa," in ji Naomi.

"Mu ne," in ji Sati.

Malam Nuru ya buɗe baki kamar zai yi faɗa, sai ya fasa, ya juya ya faɗa wa likita. Likita ya cire tabaransa ya murza ido. Bai ɗaga murya ba. Ya yi wata gajeriyar magana, sannan ya durƙusa ya fara bin ƙwaurin da yatsunsa daga gwiwa zuwa ƙasa, yana dannawa yana kallon yadda fata ke dawowa. Ya daɗe a haka fiye da yadda ya taɓa daɗewa a gadon kowa. Daga ƙarshe ya ciro biro ya ja layi, sama da inda ya sa gefen hannunsa a ranar farko.

"Me ya ce?" in ji Naomi.

"Da fari cewa ya yi shi ma ya kamata ya dawo da rana ya taɓa, bai yi ba. Yanzu kuma ya ce yau za a yi aikin, ba gobe ba. Zai fara daga kan layin nan. In ya yanka fata ta yi jini, zai bar gwiwa. In ba ta yi ba, dole ya hau sama. Bai yi alkawari ba, Iya. Baba kuma kada ya ci komai."

"Kunun fa?" in ji Naomi, kamar ba ta san abin da take faɗa ba.

"Miƙo shi nan, Iya," in ji Tanimu a hankali. "Kada a yi asararsa."

Bayan azahar aka tura Sati ɗakin tiyata. Naomi ta zauna a dakalin baranda. Wata mata Bafulatana da ke jinyar ɗanta ta zo ta zauna kusa da ita, ba su san juna ba, ba su yi magana ba, amma ba ta tashi ba. Naomi ta so ta yi addu'a, kalmomin suka ƙi haɗuwa, sai sunan Yesu kawai take maimaitawa. Ana kiran la'asar a masallacin bakin titi Malam Nuru ya fito yana cire ƙyallen hanci.

Ta miƙe.

"Ta yi jini," in ji shi. "Ba da yawa ba, amma ta yi. An bar gwiwa. Guntun da ya rage ƙasa da ita gajere ne, bai kai yadda likita ya so tun farko ba, sai an sami kafinta mai haƙuri. Kuma sai mun ga yadda ɗinkin zai kama. Za ku daɗe a nan, Iya."

"Zan zauna."

"Kuma in kin ga wani abu, ko kin yi wani abu, ki gaya mini."

"Zan gaya maka, ɗana."

Sai gab da magariba Sati ya farfaɗo. Ya buɗe ido ya rufe, ya sake buɗewa. Bai dubi ƙasan gadon ba, fuskarta ya duba. Ta kama hannunsa ta kai kan mayafi, ta ɗora a kan gwiwar. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya gwada lanƙwasa ta kaɗan, ya yamutsa fuska don zafi.

"Bari, tukuna," in ji Naomi.

"Tana nan."

"Tana nan."

Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya koma. Can ya ce, "Bana shuka ta wuce ni. Ki aika wa Bitrus ƙanena, ya shuka gonar bakin rafi da irin da ke rumbun baya. Ta kan tudu a bar ta ta huta. Baɗi ni zan huɗe ta."

"Motar dawa na komawa Rijau jibi," in ji Tanimu daga gadonsa. "Na san direban. Iya, gobe ki je tasha ki ce ni na aiko ki."